Imel ɗin kamfani ba kayan aro ba ne

Makon jiya, a wani ofishin shirya Umara da ke wajen Bab Makka a Jidda, na ji maganar da ta hana ni sakat. Mai ofishin dattijo ne Bahaushe, ya daɗe yana harkar masauki da motocin alhazai. Yana tsaye a kan wani matashi da ke zaune gaban kwamfuta.

"Ɗana, har yanzu ba ta buɗu ba?"

"Wallahi Baba ba ta buɗu ba. Lambar shiga ake tura wa layin wancan da ya tafi."

Wancan ɗin ma'aikaci ne da ya yi shekaru yana riƙe da wasiƙun ofis, aka buga masa fita ta dindindin, ya koma gida. Adireshin Gmail ɗin da ke jikin katin ofis da allon ƙofa da saman kowace fatura, wato takardar cajin kuɗi, da sunansa aka buɗe shi, kuma da layin wayarsa. Layin wayar baƙo a Saudiyya ɗaure yake da ikama, wato takardar izinin zama, mutum ya fita an yanke layin. A cikin akwatin akwai yarjejeniyar otal-otal, da hotunan fasfo na baƙi, da shaidar kuɗin da aka tura. Kalmar sirrin na nan a rubuce jikin 'yar takarda a ƙarƙashin allon rubutu, amma ba ta da amfani tunda lambar tabbatarwa ba ta zuwa.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne abin da dattijon ya ce daga baya: a buɗe wani Gmail ɗin, wannan karon da layin yaron nan.

Ra'ayina a fili yake. Duk harkar da ke karɓar kuɗin mutane ko takardunsu, ko da mu'assasa ce ta mutum uku, wato ƙaramin kamfani, wajibi ne ta mallaki sunanta na intanet, ta ɗora imel ɗinta a kansa, ta ajiye shi wajen kamfanin da wannan ce sana'arsa, sannan ta biya wanda ya koyi aikin ya kula da shi. Wanda ba zai ba wa ma'aikaci hatimin kamfani ya tafi da shi gida ba, bai kamata ya bar masa akwatin wasiƙa da sunansa ba.

Mene ne bambancin?

Adireshin imel kashi biyu ne: abin da ke gaban alamar @, da abin da ke bayanta. Na bayan shi ake kira domen, kuma shi ne filin da aka gina gidan a kai. Idan abin da ke bayan alamar gmail.com ne, filin na Google ne, kai ɗan haya ne da ba ya biyan haya, kuma a wajen Google mai akwatin shi ne wanda ke riƙe da waya da adireshin dawo da asusu. Sijil tijari ɗinka, wato takardar rajistar kamfani, ba zai sa su miƙa maka akwatin ba.

Idan kuwa ka yi rajistar domen da sunan kamfaninka, ko mai ƙarewa da .com ko .sa na Saudiyya wanda cibiyar SaudiNIC ke kula da shi, to duk akwatin da ke ƙarƙashinsa naka ne. Kai ke buɗewa, kai ke rufewa, kai ke sauya kalmar sirri. Ma'aikaci ya tafi, cikin minti biyar ka karɓe akwatin ka miƙa wa wani.

"Ai WhatsApp ya ishe mu"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma akwai gaskiya a cikinta. Direban da zai ɗauko alhazai daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz ba imel yake jira ba. Alhajiyar da ta ɓace tsakanin unguwar Misfala da Harami ba za ta rubuta wasiƙa ba. A wannan fagen WhatsApp ya fi komai, a ci gaba da shi.

Amma WhatsApp ma a kan lambar waya yake zaune, wato matsalar da muka gudo daga gare ta. Kuma ranar da rigima ta tashi da otal a kan ɗakuna arba'in da aka ce an kama a goman ƙarshe na Ramadan, sai a koma neman saƙon murya na wata huɗu baya a wayar da ta riga ta faɗa ruwa. Bankuna da kamfanonin jirage da manyan otal ta imel suke ɗaure magana. Ma'aikacin otal da ya ga buƙatar ɗakuna ta fito daga adireshin da ke da shekarar haihuwar wani a jikinsa, ba zai ɗauke ta da nauyin wadda ta fito daga sunan kamfani ba.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumban 2023, wa'adin shiri ya ƙare a Satumban 2024, hukumar SDAIA ce ke sa ido a kanta. Hoton fasfo bayani ne na mutum. Katin allurar rigakafi bayanin lafiya ne, wanda doka ta fi tsanantawa a kansa. Idan bayanai suka fita ta hanyar kutse, ana buƙatar a sanar da hukuma cikin awa 72, kuma tara na iya kaiwa riyal miliyan 5. To mai ofishin da bai ma san waye ke iya buɗe akwatinsa ba, ta ina zai san an shiga?

"Kuɗi ne"

Kuɗi ne, amma a yi lissafi. Domen mai .com kuɗinsa kaɗan ne a shekara. Ƙaramin tsarin Microsoft 365 ko na Google Workspace na kamawa wajen dala shida zuwa takwas ga kowane mutum a wata. A kan riyal 3.75 kowace dala, da harajin kashi 15 cikin 100 a sama, mutum ɗaya bai kai riyal arba'in ba. Ofis mai mutum biyar bai kai riyal ɗari biyu a wata ba. Zoho Mail ya fi su arha ga wanda wasiƙa kawai yake so.

Kuma ba kowane adireshi ne ake biya wa ba. A Microsoft 365 akwai akwatin haɗaka, wanda ba ya cin lasisi matuƙar bai wuce gigabait 50 ba. Sai a buɗe ɗaya don ajiyar ɗakuna, ɗaya don harkar kuɗi, kowane ma'aikaci ya shiga da asusunsa na kansa. Ta haka idan an tura amsa ana iya gano wanda ya tura, ba kamar yanzu da mutum shida ke amfani da kalmar sirri ɗaya ba.

Na kyautan ma yana da iyaka. Gigabait 15 Google ke bayarwa, kuma a ciki ake lissafa hotuna da abin da ke Drive. Ranar da ya cika, wasiƙu su daina shigowa. Tun Disamban 2023 Google na da ikon goge asusun mutum da ya shekara biyu ba a taɓa ba, don haka tsohon akwatin da aka jingine "saboda tarihi" ba ma'ajiya ba ce.

Inda masu yi suke ɓata aikin

Sayen domen shi ne mai sauƙi. Na sha ganin kamfanin da ya biya kuɗi, ya samu adireshi mai kyau, amma wasiƙunsa na faɗawa kwandon tarkace, sai a ce ai ga shi nan, da ma mun tsaya a Gmail. Laifin ba na tsarin ba ne, rubutu huɗu ne ba a cike daidai ba a rajistar domen, wadda ake kira DNS.

Na farko MX. Shi ke gaya wa duniya ƙofar da za a kai wasiƙarka. Idan aka bar tsohon MX tare da sabo, sai wasiƙu su rabu biyu, wasu nan wasu can. Kafin ranar ƙaura a rage lokacin da duniya ke riƙe tsohon bayani, wato TTL, zuwa minti biyar, tun kwana ɗaya kafin a sauya. A yi sauyin daren Alhamis ko safiyar Juma'a, kada a yi shi a Ramadan ko gab da Hajji.

Na biyu SPF. Jerin injinan da ka yarda su tura wasiƙa da sunanka ne. Kurakurai biyu ne ke yawan faruwa. Ɗaya, a rubuta SPF biyu a domen ɗaya, saboda mai manhajar fatura ya ƙara nasa bai haɗe da na farko ba, sai duka biyun su lalace. Ɗayan, a cika shi da sunaye har ya wuce bincike goma da ƙa'ida ta yarda da shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don tun Disamban 2021 da hukumar zakka da haraji, ZATCA, ta wajabta faturar lantarki, ofisoshi da yawa na da manhajar da ke tura fatura da kanta. Idan ba a sa ta cikin SPF ba, faturarka za ta riƙa isa kamar ta ɗan damfara.

Na uku DKIM, hatimin lantarki da ake buga wa kowace wasiƙa. Mai karɓa zai gwada shi da mabuɗin da ka wallafa a DNS. A zaɓi mabuɗi mai bit 2048. Mutane da yawa na liƙa rubutun a DNS su manta su koma shafin gudanarwa su kunna shi.

Na huɗu DMARC, shi ne umarninka ga masu karɓa: me za su yi da wasiƙar da ta zo da sunanka amma ta faɗi gwajin. Matakinsa uku ne. A fara da p=none, wato a bari ta wuce amma a aiko min da rahoto. A yi wata guda ana karanta rahoton, a gano duk injin halal da aka manta. Sannan a hau p=quarantine, daga baya p=reject. Wanda ya yi tsalle zuwa na ƙarshe a ranar farko, nasa wasiƙun zai fara kashewa.

Wannan ba ado ba ne. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa kowane mai turawa SPF ko DKIM, wanda kuma ke tura saƙo dubu biyar a rana sai ya cika SPF da DKIM da DMARC duka, kuma Yahoo ma ya tsananta a lokaci guda.

Sai bango ya tsage

Damfarar da ta fi cin masu harka irin tamu ba ta buƙatar gwaninta. Ana turo wasiƙa mai kama da ta Microsoft ko ta banki, ma'aikaci ya danna, ya rubuta kalmar sirri a shafin bogi. Ɓarawon ba ya taɓa komai. Yana shiga ya kafa ƙa'idar da ke kwafar masa duk wasiƙar da ke ɗauke da kalmar fatura ko IBAN, wato lambar asusun banki, ya zauna yana karatu makonni. Ranar da wakili daga Kano ko Yamai zai turo kuɗin masauki, sai wasiƙa ta iso masa cikin salon da ya saba gani: mun canza banki, ga sabon asusu. Lambar ta fara da SA, haruffa da lambobi ashirin da huɗu cif, babu abin zargi.

Wani lokacin ma ba ya shiga akwatinka. Domen yake saya mai kama da naka, ya sa r da n a jere inda m take. DMARC ba ya kama wannan, tunda domen ɗin nasa ne.

Maganin kashi biyu ne. Na inji: a wajabta wa kowa tabbatarwa mai mataki biyu, da manhajar tabbatarwa ko ɗan mabuɗin da ake sokawa jikin kwamfuta, ba saƙon waya ba, sannan a hana tura wasiƙu kai tsaye zuwa adireshin waje. Mai Gmail na kyauta ba shi da ikon tilasta wa ma'aikatansa wannan, mai imel na kamfani kuwa daga shafin gudanarwa yake kunna wa kowa. Na mutane: duk wasiƙar da ta ce an canza asusu, ba a biya sai an kira lambar da aka sani tun da, ba wadda ke ƙasan wasiƙar ba. A rubuta wannan a yarjejeniya da kowane wakili.

"To mu ajiye uwar garke a ofis"

Akwai masu cewa ba su yarda da ajiye sirrinsu a hannun kamfanin Amurka ba, gara su sayi uwar garke, wato injin da ke riƙe da wasiƙun kamfani, su ajiye a ɗakin baya. Damuwar tasu ta cancanci a saurara, kuma dokar kare bayanai na da sharuɗɗa kan fitar da bayanai ƙasashen waje. Haƙƙin mai kamfani ne ya tambayi mai ba shi hidima a wace ƙasa akwatinsa zai zauna, a rubuta masa, kafin ya sa hannu.

Amma ɗakin baya a Jidda ko Makka ba wurin uwar garke ba ne. Ana so iskar da ke shiga injin ta tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Na'urar sanyaya ɗaki ɗaya ce a ɗakin, ta tsaya ranar Juma'a da rana ofis a kulle, kafin Asabar injin ya kashe kansa ko faifansa ya lalace. Batirin da ke riƙe wuta, rayuwarsa na raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri goma a kan 25, shi ya sa ake samunsa a mace ranar da aka buƙace shi. Ga ƙura, ga danshin teku mai cin ƙarfe.

Ga kuma ruwa. Mutanen Jidda ba su manta da ambaliyar Nuwamban 2009 ba, wadda ta ci rayuka sama da ɗari, kuma a Nuwamban 2022 an auna milimita 179 cikin awa shida. Zafi na ƙaruwa a yankin nan, ruwa na zuwa a dunƙule, kuma galibin ƙananan ofisoshinmu a hawan ƙasa suke.

Ko da yanayi ya ƙyale ka, injin na buƙatar mai toshe masa ƙofofi kowane wata. A Maris 2021 an afka wa dubban injinan Exchange, manhajar imel ta Microsoft, da kamfanoni ke riƙe da su a ofisoshinsu, sigar da Microsoft ke gudanarwa da kanta kuwa ɓarakar ba ta shafe ta ba. Exchange 2016 da 2019 kuma tallafinsu ya ƙare a Oktoban 2025. Duk wanda ya zo ya ce zai ɗora maka ɗaya daga cikinsu a kan araha, ƙofa ce marar sakata yake sayar maka.

Abu ɗaya na yarda da masu wannan ra'ayi: kada a ɗauka kamfanin da ke riƙe da imel shi ne ma'ajiyar tarihi. Abin da aka goge a Gmail kwana talatin yake yi a kwando. A Microsoft, abin da aka share daga kwandon kwana goma sha huɗu yake jira, sai in an ƙara wa'adin. Takardun yarjejeniya da na kuɗi a riƙa kwafarsu zuwa wani wuri daban.

"Yaron nan ya iya waya"

Nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Duk abin da na lissafa a sama aiki ne, mai suna, mai albashi a ko'ina cikin duniya. Amma a wajenmu an mayar da shi aiken yara. A kira ɗan ƙanwa da ya iya gyara waya, ya yini yana fama, a ce Allah ya yi albarka, a ba shi kuɗin shayi. Ba a koya masa ba, ba a biya shi ba, amma an damƙa masa mabuɗin kamfani gaba ɗaya. Sau da yawa ma da imel ɗinsa da katin bankinsa yake yin rajistar domen, shekara ta zagayo katin ya mutu, sunan kamfani ya faɗi ba wanda ya sani sai da wasiƙu suka ɗauke.

Alhali matasanmu na Shari' Mansur da Rusaifa a Makka da Karantina a Jidda suna da abin da ba kowa ke da shi ba: Larabci na haihuwa, da Hausar da wakilan Najeriya da Nijar da Gana ke ji, wasu har da Turanci. Abin da ya rage shi ne tsari. Darussan Microsoft Learn kyauta suke. Takardar CompTIA A+ na buɗe ƙofar aikin tallafin kwamfuta, CCNA ta Cisco ta harkar hanyoyin sadarwa. Matashi zai iya sayen domen ɗaya na gwaji, ya kafa rubuce-rubucen nan huɗu da hannunsa, ya ɓata su, ya gyara, ya koyi karanta kan wasiƙa don gane inda ta fito. Wata uku na wannan ya fi shekara ana kallon bidiyo.

Za a ce ai an ware ayyukan fasaha ga 'yan ƙasa. Gaskiya ne tun 2021 aka fara ware kashi 25 cikin 100 na ayyukan sadarwa da fasaha a kamfanonin da ke da ma'aikatan fannin biyar ko fiye. Ga 'ya'yan Hausawa masu ɗauke da takardar ɗan ƙasa, wannan dama ce a buɗe. Masu ikama kuwa su tabbata sana'ar da ke jikin ikamarsu ta dace da aikin, su yi shi a ƙarƙashin kamfani mai rajista, kada neman na abinci ya jawo musu tara. Ƙaramin ofis ba ya buƙatar ma'aikaci na cikakken lokaci. Ofisoshi goma a titi ɗaya za su iya ɗaukar mutum ɗaya ta hanyar yarjejeniya a rubuce, kowa ya biya kasonsa a wata, a faɗi abin da zai yi: buɗe akwati da rufewa, duba rahoton DMARC, duba ƙa'idojin tura wasiƙa, da sabunta domen.

Sharaɗi ɗaya: shi ma kada ya zama wancan da ya tafi. Domen da sunan kamfani za a yi masa rajista, a kunna sabuntawa ta kai tsaye da katin kamfani. Asusun gudanarwa biyu za a buɗe, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun mai ofis, lambobin gaggawa na dawo da asusu a buga su a takarda a sa a cikin sef tare da sijil tijari.

Ranar da kowane ma'aikaci zai bar aiki kuwa, tun kafin a buga masa fita, a toshe shigarsa, a fitar da asusun daga duk wayar da yake ciki, a duba ko ya bar ƙa'idar tura wasiƙu waje, a mayar da akwatin na haɗaka a miƙa wa magajinsa. A bi sauran wuraren da aka yi rajista da adireshinsa, shafin banki, manhajar fatura, shafukan otal, a mayar da su kan akwatin ofis tun layinsa na aiki.